Almakashin Malam Shiru

Ku jawo kujerunku kusa, muryata ba ta kai ta dā ba. Ke mai jan gyale, daina sunkuyar da kai, na ji abin da kika faɗa wa ƙawarki a bakin ƙofa. Kin ce wannan ɓangaren hutu ne, ba jini, ba karɓar haihuwa, ba wankin gyambo, sai zama da hira da rabon ƙwayoyi. Ba a kanki aka fara ba. Duk shekarar da aka turo mana ɗaliban jinya sai an sami mai faɗin haka, kuma sau da yawa ita nake tsinta a bayan ofis tana share ido kafin wata ya ƙare. Sunana Rahila, amma daga Samaru har Sabon Gari Sista ake ce mini. A jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa na yi furfura. Na yi ritaya, sai dai ƙafata ta ƙi zaman gida, shi ya sa kuke ganina a nan ranar kilinik.

Kayan aikinmu ba su cika faranti ba. Akwai abin awon jini. Akwai sikeli, don mutum zai ce miki yana cin abinci, sikeli ya ƙaryata shi. Akwai kofin ruwa. Sai kujera biyu, kuma su ne manya. Ba a ajiye su fuska da fuska kamar a ofishin 'yan sanda, a karkace ake sa su, don mutanenmu ba sa buɗe ciki ana kallon tsakiyar idonsu. Dattijo ba zai gaya wa yarinya kamarki abin da ke cinsa kina zare masa ido ba. Bar shi ya kalli bango, ke ki kalli hannayensa.

Wanda ya koya mini wannan Oga Bitrus ne, tsohon nas na soja da ya baro barikin Basawa ya dawo asibitin farar hula. Gajere ne mai faɗa, in ya daka tsawa har masu shara sai sun tsaya da tsintsiya a hannu. Aikina na farko a ƙarƙashinsa wata mai sayar da waina ce daga Hayin Dogo. Ta ce tsakar kanta na zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu kuma yana mata yawo a jiki. Na auna ta, ba zazzaɓi, jini daidai. Na zo na ce, "Oga, ban ga komai ba."

Ya ce, "Koma ki zauna. Kada ki buɗe bakinki sai ta buɗe nata."

Na koma na zauna. Bayana ya ƙage, cikina ya yi ta kuka, matar nan tana ta murza gefen zanenta. Sai da rana ta bar taga sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni fa tun da na yaye yaron nan ban ƙara jin ɗanɗanon gishiri ba." Daga nan aiki ya fara. Da yamma Oga Bitrus ya ce mini, "Rahila, a ƙasar nan ba mai hawa mota ya zo asibiti ya ce ina baƙin ciki. Kai zai kawo miki, ko ƙirji, ko gadon baya. Ki karɓi abin da ya kawo da hannu biyu, sannan ki jira sauran."

To, ga abin da nake so ku riƙe, don shi ke kayar da mutane har waɗanda suka daɗe a aikin. Ciwon damuwa ba fuska ɗaya gare shi ba. Akwai mai nauyi, wanda ke faɗo wa mutum cikin 'yan makonni. Jiya yana kasuwa, yau wanka ma ya gagare shi. Wannan ba ya ɓuya, dangi da kansu za su ɗauko shi. Akwai kuma wanda ba ya kayar da mutum ƙasa. Zai tashi, zai je aiki, zai gaida maƙwabta, amma cikinsa ba daɗi. Kullum a gajiye, barci ba ya ƙosar da shi, yana ganin kansa ba a bakin komai ba, gobe kuma ba ta ba shi sha'awa. Likitoci sun ce in mutum ya kai shekara biyu a haka, ranakun ƙunci sun rinjayi na sauƙi, ba wani dogon sarari a tsakani, to daddaɗen ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa.

Sai na uku, mai rikita lissafi, wato hali. Akwai mutanen da tun suna yara haka suke. Laifin kansu suke fara gani, ana biki su suna hango abin da zai lalace, in ka yabe su sai su tsargu. Littattafan da muka karanta a makaranta sun sa irin waɗannan a babin hali, ma'ana ba ciwo ne ya same su ba, ginin mutumin ke nan. Daga baya masana suka yi ta ja-in-ja, don in ka jera mai wannan hali da mai daddaɗen ciwo, da ƙyar ka bambance su. Littattafan da ke hannunku yanzu sun kwashe da yawa daga cikinsu sun mai da su babin ciwo, har da waɗanda abin ya faro musu tun ƙuruciya. Kada ku ɗauka gardamar masu gilashi ce a kan takarda. In dangi suka ji an ce hali ne, sai su koma gida su ce Allah ya kyauta, ba mai sake kawo shi. In suka ji ciwo ne, sai su nemi magani. Ko wanda da gaske halinsa ne ba ma korarsa, akwai zaman tattaunawa da ake yi da shi, kuma yana amfani. Ba nas ke yanke wannan hukunci ba, likita ne. Amma likita da labarin da muka kawo masa yake aiki, in muka kawo rabi, rabi zai gani.

Wani tela daga Muchia shi ya zaunar mini da wannan karatu a kai. Sunansa Malam Haruna, amma a layin teloli na kasuwar Sabon Gari Malam Shiru suke ce masa, kuma ba da raini ba, da girmamawa. Matarsa Hajara ce ta kawo shi. An yi ta ba shi maganin maleriya da na taifot saboda ciwon kai da kasala, har wani likita ya gaji ya turo su wajenmu. Dogo ne siriri, rigarsa a goge, ɗinkinta kamar da ma'auni aka jera zaren. Ya zauna ya ɗora hannu a gwiwa. Na tambaye shi barci, ya ce alhamdu lillahi. Na tambaye shi abinci, ya ce alhamdu lillahi. Na ce, "Malam, yaushe rabon da ka ci wani abu ka ji daɗinsa har ka nemi ƙari?" Ya kalli bango, sannan ya ce, "Sista, ni ai ban cancanci a ɓata lokaci a kaina ba. Ga mutane can a benci."

Na fita da Hajara baranda. Mace ce mai kuzari, mai saurin magana, tana sayar da kayan miya a ƙofar gida. Na ce, "Tun yaushe maigidan yake haka?"

Ta ce, "Haka kamar yaya? Ciwon kan ne muka kawo."

Na ce, "Shirun nan, da rashin walwala."

Ta yi dariya. "Wannan ai halinsa ne, Sista. Haka na same shi. Babbar 'yarmu ta isa aure, ban taɓa jin dariyarsa ta fita tsakar gida ba. Ba ya faɗa, ba ya yawo, ba ya zaman majalisa. Matan layinmu har cewa suke na yi dace. Liman ma da shi yake misali in yana wa samari wa'azi."

Kun ji inda matsalar take? A wajenmu in mutum ya yi shiru, ya daina son komai, ya daina neman komai, ba ma cewa ba shi da lafiya. Cewa muke ya natsu, mai haƙuri ne, ya guji duniya. A masallaci haka, a coci ma haka, ni na sani, don a namu cocin akwai matan da ake yabo da tawali'u alhali ni ina ganin abin da nake gani. Haƙuri gaskiya ne, natsuwa gaskiya ce, ban ce babu su ba. Amma mai haƙuri na gaske yana jin daɗin tuwo, yana wasa da jikokinsa. Ciwon nan kuwa rigar haƙuri yake sawa ya zauna a gida shekara da shekaru ana gaishe shi.

Likitanmu na lokacin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Ya sa aka duba jinin Malam Haruna, aka duba suga da maƙoƙo, don akwai ciwukan jiki da ke kawo irin wannan kasala. Komai lafiya. Ya kira ni ya ce, "Sista, duk shaidun da muke da su bayan abin suka zo. Matarsa a haka ta aure shi, 'ya'yansa a haka suka buɗi ido suka gan shi. Kafin a ce hali, a nemo mini wanda ya san shi yana saurayi."

Iyayensa sun rasu. Yayansa, Alhaji Sabo, a Legas ya yi ƙuruciyarsa yana fataucin shanu, bai san komai ba. Da ƙyar Hajara ta tuna cewa wanda ya koya masa ɗinki yana nan da rai a Samaru, wani Baba Tanimu, wanda a dā shi ke ɗinka wa ɗaliban jami'a kaya. Ranar Asabar na hau bas daga Kwangila na je. Ba aikina ba ne a takarda, amma takarda ba ta taɓa warkar da kowa ba. Na same shi a zaure kan buzu, ido ya yi rauni, kunne kuwa garau. Na gaishe shi na ce na zo ne a kan yaronsa Haruna, da izininsa da na matarsa.

Ya ce, "Wane Haruna, 'yata? Na yaye Haruna ya fi ɗaya."

Na ce, "Dogo, na Muchia. Malam Shiru."

Ya ce, "Ban san wani Shiru ba." Sai fuskarsa ta washe, ya buga cinya. "Rediyo kike nufi? Haruna Rediyo?"

Na ce ya maimaita mini sunan.

Ya ce, "Rediyo. Ni na sa masa. Yaron nan daga buɗe shago har rufewa bakinsa ba ya hutawa. Yana taka keke yana waƙa, yana kwaikwayon muryar duk wanda ya kawo ɗinki. 'Yan jami'a har zuwa suke ba don ɗinki ba, don su zauna ya ba su dariya. Sau nawa na jefe shi da alli don ya bar ni in ji kiran salla."

Na ce, "To, Baba, yaushe rediyon ta mutu?"

Ya ce shekarar da mahaifiyarsa ta rasu ne. Ya tafi ƙauye aka yi zaman makoki, ya dawo. Makoki ya ƙare wa kowa, shi bai ƙare masa ba. Wata ya bi wata, waƙa ba ta dawo ba. "Ni kuwa," in ji Baba Tanimu, "sai na yi hamdala. Na ce yaro ya yi hankali, ya zama mutum. A kan haka ma na yaye shi, na ba shi almakashina na Ingila, na shige masa gaba wajen neman aure." Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "'Yata, ba hankali ba ne?"

Na ce, "Baba, likita ne zai faɗa. Amma ka ba mu abin da muke nema."

Da na kai wa likita, bai yi tsalle ba. Ya ce in koma in tambayi abu ɗaya: a zamanin Rediyo, yana barci? Yana ɓarnar dukiya? Yana kwana yana surutu ba kai ba gindi? Don akwai wani ciwon daban mai hawa da sauka, wanda in aka ba mai shi maganin damuwa kai tsaye sai a ɓallo wata fitinar. Na sake hawa bas. Baba Tanimu ya ce barci kam sai an tashe shi da ruwa, kuma yaro ne mai tattali, fara'a ce kawai Allah ya ba shi. Sannan likita ya zaunar da Malam Haruna da Hajara ya ce musu wannan ba hali ba ne, daddaɗen ciwon damuwa ne, ya fara a wani lokaci sananne, kuma akwai abin yi. Aka fara ba shi magani, aka sa masa ranakun zuwa tattaunawa. Na gargaɗe su cewa maganin ba kamar na ciwon kai ba ne, sai an yi makonni kafin a ga alama. Muka fito ni da Hajara. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, wai Rediyo?"

Sai shekarar wahala ta zo. Ma'aikatan lafiya suka shiga dogon yajin aiki, aka garƙame ƙofar kilinik da kwaɗo. Ni 'yar ƙungiya ce, na yi yajin, kuma ba na jin kunyar faɗa, don abin da ake mana ya isa. Amma masu ciwonmu ba su da wani wurin zuwa. Mai karaya zai je wajen ɗori, mai haihuwa za ta sami unguwarzoma. Namu sai gida. Maganin Malam Haruna ya ƙare daidai lokacin da ya fara ɗan tasiri, kantunan magani na gari kuma babu irinsa. Shi ba mai zuwa ya dami kowa ba ne. Ya yi shiru, kowa ya ga Malam Shiru kamar kullum. A ƙarƙashin shirun nan kuwa mai nauyin ya faɗo a kan daddaɗen. Haka yake yi, kuma in suka haɗu biyu sun fi kowane haɗari.

Wata safiya ina wanki a tsakar gidana a Samaru aka yi sallama. Malam Haruna ne, cikin farar riga, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Yadda ya gano gidan ban sani ba. Fuskarsa a sake, har da ɗan murmushi, abin da ban taɓa gani ba. Wannan murmushin ne ya tsinka mini gaba. Ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Na buɗe, almakashi ne babba, baƙi, hannunsa ya sha riƙo har ya yi sheƙi.

Ya ce, "Na Baba Tanimu ne. Kin yi ɗawainiya da ni, Sista, ba ni da abin da ya fi shi. Ni ba zan ƙara buƙatarsa ba."

Na ce, "Na gode, Malam. Keken fa?"

Ya ce ya ba maƙwabcinsa a layi. Dutsen guga ya ba wani. Ya bi duk masu ɗinki a wajensa ya mayar musu da yadinsu, ya roƙi gafarar kowa.

Na ɗauraye hannuna, na ɗauko kujera biyu na sa su a karkace a inuwar mangwaro. Ku saurara nan, don wannan ce tambayar da ɗalibai suka fi tsoro. Kuna ganin in kun yi ta, ku kuka sa wa mutum tunanin a kai. Ƙarya ne. Tunanin yana nan tun kafin ku zo, shi kaɗai yake ɗauke da shi. Ba a yin ta da kwana-kwana, kuma ba a yin ta da wa'azi. Na ce, "Malam, akwai ranakun da kake kwanciya kana fatan kada ka farka?"

Ya ce, "Kullum."

Na ce, "Ka wuce fata? Ka yi niyyar yi wa kanka wani abu?"

Ya kalli tushen mangwaron. Ya ce, "Hajara da yara za su fi hutawa." Ban ce masa a'uzu billahi ba, ban ce masa haramun ne ba, ya fi ni sanin wannan. Na ce, "Na ji ka. Ciwon ne ke gaya maka haka, kuma daga yanzu ba za ka zauna kai kaɗai ba." Na sa aka kai almakashin akwatina aka kulle. Na aiki maƙwabciyata Muchia ta ɗauko Hajara, ni kuwa ban matsa daga kujerar nan ba. Na buga wa likita waya. Yajin aiki ya hana mu shiga asibiti ne, bai hana mu sanin abin da muka sani ba. Ya ce akwai wani ƙaramin asibitin mishan da ke da gado, a kai shi yau, zai same mu a can.

Hajara ba ita kaɗai ta zo ba, da Alhaji Sabo ta zo, yayan Malam ɗin. Babban mutum ne mai ƙatuwar murya, ya tsaya a tsakar gidana ya ƙi zama.

Ya ce, "Malama, da girmanki. Mutum ya raba kayansa sadaka, ya nemi gafarar jama'a, unguwa kaf ana sa masa albarka, ke ki ce a kai shi wajen mahaukata? Haka Allah ya yi shi. 'Yarsa ana maganar aurenta, wa zai ɗauki 'yar wanda aka kwantar a irin wannan wuri?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba, amma faɗa da dangi bai taɓa ceton mara lafiya ba. Na ce, "Alhaji, ka zauna, kai ne babba, ba abin da za a yi a bayan idonka. Sadaka na san ta. Mai sadaka yana ba da riba, yana ba da riga, wani har gida. Ka taɓa ganin tela mai iyali ya ba da keke da almakashi a mako ɗaya? Da me zai ci gobe? Wanda ya yi haka bai sa gobe a lissafinsa ba."

Ya ce, "Ke kika san abin da ke zuciyarsa?"

Na ce, "Ga shi nan zaune. Ba ni da izinin faɗin maganarsa sai ya yarda." Na juya na ce, "Malam, in faɗa, ko za ka faɗa?"

Malam Haruna bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Yaya, gaskiyarta ne."

Alhaji Sabo ya nemi kujera ya zauna, ya cire hula ya riƙe. Hajara ce ta yi magana. Ta ce, "Yaya, ni aka ce wa na yi dace. Shekara da shekaru ina alfahari da abin da ke cin mijina. Maganar aure kuwa, gara a ce uban yarinya ya kwanta asibiti da a ce ba ta da uba. Sista, mu tafi." Alhaji Sabo da kansa ya fita ya tsayar da mota.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Ya yi makonni a kwance. Da aka sallame shi, Hajara ce ke riƙe da maganin tana ba shi da hannunta, don lokacin da ƙarfi ya fara dawowa jiki, zuciya ba ta gama dawowa ba, shi ne lokacin da ake ƙara sa ido. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Samaru da Muchia har masu acaɓa na Kwangila suka san ni. Maganin farko bai karɓe shi sosai ba, likita ya canza. Aka janye yajin aiki, ya dawo zaman tattaunawa, wani zuwan ya yi magana, wani zuwan ya kalli bango. Baba Tanimu ya sa aka kai shi Muchia a mota, ya zauna kusa da shi ya yi ta ba shi labarin shegantakar da ya yi yana yaro. Rediyo dai ba ta dawo yadda take ba, kuma ban taɓa yi wa kowa alkawarin za ta dawo ba. Shekarun da ciwon ya ci ya ci su.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata ranar kilinik ina cikin awon jinin wata tsohuwa, na hango shi a bakin ƙofa shi da Hajara, ba ranar zuwansa ba ce. Ya jira na gama. Ya shigo yana ta murza hula, ya gaishe ni ya sake gaishe ni. Hajara ta zungure shi da gwiwar hannu.

Ya ce, "Sista, na san abin kunya ne mutum ya ba da kyauta ya dawo yana nema. Maƙwabcina ya mayar mini da keke, ban ma roƙa ba. To, an kawo mini ɗinkin bikin babbar 'yarmu, na gwada almakashin kasuwa, yana cin yadi."

Tun da aka buɗe kilinik almakashin yana cikin jakata, kullum da shi nake zuwa aiki. Na ciro shi a ƙyallensa na miƙa masa. Ya warware, ya buɗe shi ya rufe kusa da kunnensa, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Sai ya haɗe gira.

Ya ce, "Haba Sista. Duk watannin nan ko ɗigon mai ba ki sa masa ba? Dubi bakinsa. Wannan ai sai na kai wa mai washi, kuma mai washin layinmu ba ya da hannu, sai dai in je Tudun Wada. Almakashi irin wannan ba a barinsa a jaka da su makulli."

Ya yi ta yi mini faɗa, mutumin da a dā ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Na tsaya na sha faɗan nan har ƙarshe, kuma a duk aikina ba a taɓa yi mini godiyar da ta kai shi daɗi ba. Hajara ta juya mana baya tana kallon bango, kafaɗunta na motsi, ban san ko dariya take ko kuka ba, ban kuma tambaye ta ba.

To, ke mai jan gyale, tashi. Ga wata dattijuwa can a ƙarshen benci tun safe, ciwon baya ta kawo. Na ji 'yarta tana gaya wa mai ba da kati wai Mama ba ta da matsala, haka take, ba ta son hayaniya. Ɗauki kujera biyu.